Wane Littafi Ya Kamata A Ba Yaro?

Kusan kowane malami, in aka tambaye shi littafin Hausa da ya kamata a ba yaro, ba ya ko tsayawa tunani sai ya ce Magana Jari Ce. Ba mu musa darajar littafin nan ba, mu su wa? Amma muna ganin amsar tana son gyara, domin yaro suna ne mai faɗi. Ɗan shekara 6 yaro ne, ɗan shekara 14 ma yaro ne, ba kuwa riga ɗaya tela zai ɗinka musu ba.

Abin mamaki, duk mun san haka tun muna makarantar allo. Can sai yaro ya gama babbaƙu kafin a sa shi farfaru, sa'an nan a bi da shi ta gajerun surori. In ya kai ga littattafai, da Ƙawa'idi da Ahalari ya kan fara, ya yi Ishmawi, ya yi Iziyya, kana ya isa Risala. Malamin da ya buɗe wa sabon almajiri Risala, ko almajiransa sai sun yi masa dariya a ɓoye. Amma da mun shigo ajin boko sai mu jingine wannan tsani, mu miƙa wa yaro duk abin da hannunmu ya fara kaiwa cikin akwati.

Yaron da bai kai shekara 7 ba, littafinsa kunne ne. A ba shi Gizo da Ƙoƙi, da kura da dila. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya suna da amfani ƙwarai a nan, amma a hannun malami. Ya karanta a gida, ya zo ya faɗa da baki, yana maƙe murya in Gizo ke magana. Daga nan sai Ka Koyi Karatu, da Ka Ƙara Karatu, da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda ko sunayensu sun nuna hawa hawa ne.

To, a nan ramin ya ke. Yaro ya gama waɗannan yana ɗan shekara 8 ko 9, yana murna ya iya karatu, sai mu ɗora masa Magana Jari Ce. A duba yadda Abubakar Imam ya gina littafin nan, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Labari ne cikin labari. Aku yana ba Musa labarai don ya hana shi fita daga gida, Waziri na can yana ƙulla makirci, cikin labarin akun kuma wani mutum ya kan soma nasa. Lalle mai karatu ya riƙe zare biyu ko uku a lokaci guda. Ƙaramin yaro kuwa har yanzu rabin hankalinsa yana wajen haɗa baƙaƙe, kafin ya kai ƙarshen shafi ya manta ko wa ke magana. Ga karin magana ko'ina, ga kalmomin fada da na yaƙi, su lifidi da sulke da zagi, waɗanda yaron yau ba ya gani sai ran hawan Salla, in ma garinsu ana yi. Abin da mu ke tsoro shi ne yaro ba zai ce littafin ya fi ƙarfinsa ba, sai ya ce shi ne daƙiƙi. Wanda kuwa ya yarda shi daƙiƙi ne yana shekara 9, da wuya a sake jawo shi ga takarda.

Shawararmu, a wannan shekaru malami ya tsinci gajerun labarai daga littafi na ɗaya, ya karanta wa aji da ƙarfi, ya ajiye zancen aku da Waziri tukuna. A hannun yaro kuwa a sa labari mai hanya ɗaya, kamar Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa: jarumi guda, dokinsa guda, daga wannan gwagwarmaya sai waccan. In ya kai shekara 10 ko 11 a damƙa masa littafi na ɗaya ɗungum, zai shiga kamar gidan da ya san ɗakunansa. Na uku, inda aku ke horon ɗansa Fasih, a dakata da shi sai wajen 13.

Akwai wani kuskuren kuma, watau auna littafi da kaurinsa. Littattafan da suka fito daga gasar da Dokta East ya shirya a Zariya cikin 1933 duk sirara ne, don haka a kan zaci na yara ne. Ruwan Bagaja, i, ɗan shekara 11 ko 12 zai sha dariya da shi. Mun ji waɗansu malamai na ƙyamarsa, wai Alhaji da Malam Zurƙe ba su da aiki sai cutar juna, yara za su kwaikwaya. Mu dai ba mu ga haka ba. Yaron da ya tashi da Gizo ya san bambancin abin dariya da abin koyi, balle in malami ya tsaya ya tambayi ajin wa aka zalunta. Amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wani abu ne dabam. Hausarsa mai sauƙi ce, abin da ke ciki ne mai nauyi: yaro an sace shi, an ƙetara da shi hamada, uwa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Ƙaramin yaro zai iya furta kowace kalma, ya rufe littafin bai ɗauki kome ba sai tsoro. A bar shi sai 14, sa'ad da ya fara sanin tarihi. Haka Ganɗoki na Bello Kagara, wanda farkonsa yaƙin zuwan Turawa ne. Jiki Magayi, labarin ƙiyayya da ramuwa, na samari da 'yammata ne masu shekara 15. Dare Dubu da Ɗaya kuwa kada ya kwana cikin akwatin aji ko kusa.

Wani zai ce ai akwai yarinya 'yar shekara 9 da ta fi ɗan 12 karatu. Gaskiya ne, shekarun da muka ambata kwatanci ne, ba doka ba. Gwajin ba wuya: a buɗe tsakiyar littafin, yaro ya karanta shafi guda da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe ya fi sau 5, a canja masa. In ya wuce sumul, a rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa, domin da yawa su kan rera shafi kamar waƙa ba su san inda labarin ya dosa ba.

Muna roƙon 'yan'uwanmu da za su fita koyon aikin koyarwa, kowa ya fara buɗe akwatin littattafan ajinsa tun ran farko, ya rarraba su, na karanta wa yara gefe guda, na ba su a hannu gefe guda. Malamanmu kuma, da za su ware mana awa ɗaya a mako ta koyon karanta labari da ƙarfi, da mun gode.