Darar Ces: Tafi Kaɗai Ba Ya Haifar Da Gwani

Lokacin da Tunde Onakoya ya shafe sa'o'i 60 yana buga darar ces a birnin New York a watan Afrilun 2024, 'yan Najeriya sun yi ta tafi, kuma ya cancanci yabon. Sai dai da kura ta lafa, gaskiyar da ba a son faɗa tana nan daram: har yau ƙasar nan ba ta da ko mutum ɗaya mai muƙamin babban gwani, wanda shi ne mafi girma da hukumar FIDE ke bayarwa. Masar tana da Bassem Amin da Ahmed Adly, Zambiya ma tana da Amon Simutowe.

Ba basira muka rasa ba. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka yi gudun hijira zuwa Amurka saboda barazanar Boko Haram, ya lashe gasar yara ta jihar New York a 2019 yana ɗan shekara 8. Can ya samu malami da gasa, abubuwan da takwarorinsa na gida ke nema ido rufe.

A manyan gasanni, tun daga buɗin wasa ake gane wanda ya yi shiri. A wasan farko na karawar cin kambun duniya a Singafo a 2024, Ding Liren na Sin ya zaɓi buɗin da ake kira kariyar Faransa, ya doke Gukesh na Indiya. Gukesh bai karaya ba, domin yana da tawagar masu nazarin buɗin wasa a bayansa, daga ƙarshe ya ɗauki kambun yana ɗan shekara 18. Indiya ta fara wannan tafiya ne tun 1988, da Viswanathan Anand ya zama babban gwaninta na farko.

Muƙamin na buƙatar maki 2500 da sakamako mai kyau a gasannin da baƙi da manyan gwanaye ke halarta. Matashin da ba shi da kuɗin jirgi, ina zai same su? Don haka muna kira ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa da ƙungiyar ces ta Najeriya da 'yan kasuwa su riƙa shirya irin waɗannan gasanni a gida duk shekara, su ɗauki ƙwararrun masu horarwa, su kai wasan makarantun firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.