Kafin mu ce a ƙara masa jini

Babu abin da ke tayar wa dangi hankali a asibiti kamar su ga mutuminsu yana aman jini. Nan take kowa zai juya ga likita da kalma ɗaya: "A ƙara masa jini mana!" Idan aka sa leda ɗaya aka tsaya, sai gunaguni ya tashi a bakin ɗaki. Wani ya ce ana yi mana rowa, wani ya ce don ba mu san kowa ba ne, wani ya ce sai an miƙa wani abu. Na sha jin irin wannan a zangunanmu, daga Nima har Kumasi da Tamale. Yau ina so mu zauna mu dubi maganar da idon basira, domin akwai rayuka a cikinta.

Da farko, daga ina jinin yake fitowa? Yawanci wuri biyu ne. Na ɗaya shi ne gyambon ciki, wanda muke kira olsa. Wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawansa, kuma likitoci biyu ƴan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2005 saboda gano hakan. Sai kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da aspirin, waɗanda mai dako da direba da mai sayar da waake suke haɗiya safe da yamma, galibi kan yunwa. Su ma suna cinye fatar tumbi har ta kai ga jijiya. Na biyu shi ne hanta da ta ƙeƙashe, ko dai saboda ciwon hanta nau'in B, ko giya, ko tsutsar ruwa da ake ɗauka a wurare irin bakin tafkin Volta. Idan hanta ta ƙeƙashe, jinin da ke zuwa mata daga hanji ba ya samun hanya, sai ya koma ta ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan maƙoshi. Su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe.

To ga inda maganar take. Shekaru da yawa su kansu likitoci sun ɗauka cewa gara a cika wa mai zubar jini jiki da wuri. Sai wasu likitoci a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin Dokta Villanueva, suka ce bari a gwada a gani. Suka ɗauki marasa lafiya 921 masu zubar jini daga saman hanyar abinci, suka raba su gida biyu. Rukuni na farko ba a ƙara musu jini sai awon hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya faɗi ƙasa da 7. Rukuni na biyu kuwa da ya sauka ƙasa da 9 sai a ɗaura leda. An buga sakamakon a watan Janairu na 2013 a mujallar New England Journal of Medicine.

Abin da aka gani ya ba mutane da yawa mamaki. Bayan mako shida, kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsimi suna raye. A rukunin da aka sakar wa hannu, kashi 91 ne. Jini ya sake ɓallewa ga kashi 10 na rukunin farko, amma ga kashi 16 na rukuni na biyu. Kuma kashi 51 na rukunin farko ko leda ɗaya ba a sa musu ba, yayin da a ɗaya rukunin kashi 14 kacal ne suka tsira ba a sa musu ba. Wato an kashe jini kaɗan, an kuma ceci mutane da yawa. Shi ya sa a yau ƙa'idar da likitoci ke bi a ƙasashe da dama ita ce a jira awon ya kai wajen 7, ko wajen 8 ga mai ciwon zuciya.

Wani zai ce, yaya za a yi ƙarin jini ya cutar da wanda jininsa ke zuba? Ka ɗauki tulun da ya tsage a gindi, an liƙe shi da ɗanyen yumɓu. In ka cika shi fal kafin liƙin ya bushe, nauyin ruwan ne zai sake buɗe tsagar. Haka jiki yake. Idan jini ya zuba, jijiyoyin ciki sukan tsuke, ƙarfin bugawa ya ragu, gudan jini ya samu ya toshe ramin. Da ka cika jijiyoyin da sauri, sai matsi ya ƙaru ya ture gudan. A gwajin Basalona an auna matsin jijiyar hanta, aka ga ya hau ga waɗanda aka ba jini da yawa. Ban da wannan, jinin wani baƙo ne a jikinka. Yana iya kawo zazzaɓi da ƙaiƙayi, yana iya tara ruwa a huhu, musamman ga tsoho mai raunin zuciya.

Amma fa kada a yi min mummunar fahimta. Wannan ƙa'ida ba ta shafi wanda jini ke kwarara masa kamar an buɗe famfo ba, wanda jikinsa ya yi sanyi, zuciyarsa na gudu, hankalinsa na gushewa. Irin wannan ba a saka su cikin gwajin ba ma, kuma likita ba ya jiran takardar awo kafin ya ɗaura musu jini. Hasali ma a sa'o'in farko awon yakan nuna kamar lafiya lau alhali mutum ya yi asara mai yawa. Shi ya sa likita ke duba bugun zuciya da hawan jini da shekaru da sauran cututtukan mutum kafin ya yanke. Hukuncin nasa ne. Namu shi ne mu daina auna ƙwazonsa da yawan ledojin da aka rataya.

Ledar jini ba ta toshe ramin da ya buɗe. Tana riƙe mutum ne har a kai ga ainihin aikin, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ga inda jinin ke fita. In gyambo ne a ƙona bakin jijiyar ko a matse ta, in kumburarriyar jijiya ce a ɗaure ta da ƴar roba. Ana so a yi wannan cikin awa 24 da isowar mara lafiya, tare da allurar rage tsamin ciki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta ga mai ciwon hanta. Don haka in za mu matsa wa likita da tambaya, ga wadda ta fi amfani: "Yaushe za a leƙa cikin? In babu na'urar a nan, ina za a tura mu?" Kuma wannan ce tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa hukumomin lafiya da ƴan majalisarmu, domin yawancin irin waɗannan na'urori da ƙwararrunsu suna manyan birane ne, mutumin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya yana zubar jini.

Akwai kuma abin da ke hannunmu tun daga gida. Zubar jinin ciki ba kullum take zuwa da jan amai ba. Wani lokaci aman yakan fito baƙi-baƙi kamar dusar kofi. Wani lokaci bahaya ne zai koma baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da mugun wari, ga jiri in an miƙe tsaye. Wanda ya ga haka, asibiti kai tsaye. Ba lokacin malta da madara ba ne, ba lokacin maganin ƙarin jini na kwalba ko jiƙo ba ne. In an isa kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗa wa likita duk ƙwayar da ake sha, da ta kemis da ta gargajiya, a faɗa in ana shan giya. Kunyar minti ɗaya ta fi zaman makoki.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ko da an yi tsimi, kusan rabin marasa lafiyar nan sai an ƙara musu jini. Wannan jinin daga ina? Ba a ƙera shi a masana'anta, kuma ba ya wuce mako biyar zuwa shida a firji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na buƙatar aƙalla leda 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara. A Ghana har yanzu mafi yawan jinin daga dangin mara lafiya yake fitowa, wato sai abu ya faru a fara buga waya da tsakar dare ana neman ƙanne da abokai. Kuma dole a gwada kowace leda don cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Ga abin takaici: ciwon hanta nau'in B yakan bi gida, daga uwa zuwa jariri ko tsakanin yara tun suna ƙanana. Sau da yawa ƙanen da aka kira ya ba yayansa jini, a daren ne zai ji cewa shi ma yana ɗauke da cutar, jininsa ba zai yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka nake kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa da na mata. Yadda muke haɗa kuɗin biki da na jana'iza, mu haɗa jini. A gayyaci ma'aikatan Hukumar Jini ta Ƙasa su zo harabar masallaci ko makaranta sau biyu ko uku a shekara. Baligi mai lafiya da ya kai kilo 50 yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, daga cikin kusan lita biyar da ke jikin babba, kuma jiki yana mayar da shi. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana mace haihuwa. Wanda aka ce masa jininsa ba zai yi ba, shi ma bai yi zuwan banza ba, domin ya san matsayinsa tun hantarsa ba ta lalace ba, sai ya nemi likita ya kuma kai iyalinsa gwaji. Allurar riga-kafin ciwon hanta tana cikin alluran jarirai a Ghana tun 2002. Waɗanda aka haifa kafin nan su je a gwada su, in ba su da cutar a yi musu.

Likitan da ya tsaya a leda ɗaya bayan ya auna, wataƙila ya ceci naka, ya kuma bar ta biyu ga mai haihuwar da ke gadon kusa ko yaron da maleriya ta shanye wa jini. Mu bar masa lissafin awo. Mu namu aikin shi ne mu kai mara lafiya da wuri, mu faɗi gaskiya, mu kuma tabbatar firjin asibiti bai zama fanko ba ranar da ɗayanmu zai buƙata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.