Gubar da Ido ba ya Gani

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an tarar da maganin ƙwari mai suna dikulobos a cikinsa fiye da kima. Ido ba ya ganin irin wannan guba; ɗakin gwaji ne ya tona asirinta.

Ɗaya daga cikin manyan dabarun wannan bincike ita ce kuromatogirafi na gas, wadda masana biyu, Martin da James, suka ƙago a Ingila a 1952. Akan tatso sinadaran da ke cikin hatsi, ko ruwa, ko ƙasa, a ɗura ɗigo guda cikin na'ura, zafi ya mai da shi tururi. Daga nan iskar hiliyam ta kora tururin cikin wani siririn bututu mai tsawon kamar mita 30. Tamkar dawakin sukuwa, sinadaran sukan tashi tare, amma kowanne da lokacin isowarsa. Wannan lokaci ke nuna ko wane sinadari ne, girman alamarsa kuma ya nuna yawansa.

Irin waken da Turai ta ƙi shi ne ake soya ƙosai da shi a ƙofar makaranta. Don haka ya wajaba jami'o'i da hukumomi su riƙa gwada hatsin kasuwanni irin su Dawanau, da ruwan rijiyoyin gonaki, a kai a kai, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Gaskiya ne na'urar tana da tsada, tana bukatar ƙwararru da tsayayyar wutar lantarki. Amma jinyar wanda guba ta kama ta fi tsada, kuma rigakafi ya fi magani.