Hannun Garmaho Ba Shi da Laifi

Wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin masu komawa ga sauraron faifai: da zarar mutum ya sayi garmaho na hannu, kafin ya saurare shi na mako guda, sai ya fara neman sabon hannun da zai maye gurbin wanda ke ɗauke da allura. 'Yan kasuwa sun koya masa cewa a nan ne daɗin sauti yake ɓoye. A mafi yawan lokuta wannan asarar kuɗi ce, wani lokacin ma garin neman gira ne a rasa ido.

A ɗauki Technics SL-1200 MK2, wanda ya fito a 1979. An ƙera hannunsa ne daidai da jikinsa: milimita 215 tsakanin gindin hannun da sandar tsakiyar faifai. Rega RB300, na 1983, wanda ake yawan kwaɗaita wa mutane, yana buƙatar kimanin milimita 222. Dole a sauya mazauninsa, kuma kuskure kaɗan a awo ya isa ya karkatar da allura a cikin layin faifai, sauti ya gurɓace, musamman a waƙoƙin ƙarshe na kowane gefe.

Tsadar hannu kuma ba ta tabbatar da dacewa. Nauyin hannu da laushin maƙalin allura suna haifar da wata girgiza ta kansu, wadda ake so ta tsaya tsakanin hertz 8 zuwa 12. Idan ta yi ƙasa, faifan da ya ɗan lanƙwashe zai riƙa wurgi da allura. Idan ta yi sama, za ta kutsa cikin sautin da kunne ke ji. Hannu mai tsada da bai dace da allurarsa ba, mai araha da ya dace ya fi shi.

Ainihin cutar tsohon garmaho takan zauna a wani wuri. Allura tana cinyewa bayan awoyi ɗaruruwa, kuma wanda ya sayar da na'urar ba zai faɗi tsawon aikin da ta yi ba. Nauyin da take sauka da shi yana buƙatar ɗan sikeli; AT-VM95E, alal misali, giram 2 ake ɗora mata. Garmahon da aka ƙera don wutar Amurka mai hertz 60, idan motarsa na bin bugun wuta, zai yi jinkiri a wutar Najeriya ko Nijar mai hertz 50. Ga kuma ƙurar hunturu da ke cika layin faifai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sabon hannu zai warkar.

Sauyin yana da lokacinsa: idan hannun ya lanƙwashe, ko gindinsa yana kaɗawa ko cijewa. Gwajin mai sauƙi ne: a daidaita shi har ya tsaya a iska, a hura shi a hankali. Idan ya tafi sumul, lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce aljihu. Faifan Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos da aka gada daga mahaifi ba a samun madadinsa a kanti, kuma abin da tsohuwar allura ta kankare ba ya dawowa. Sabuwar allura, sikeli da burushi su ne farkon haƙƙin faifai a kan mai shi.