Injunan lantarki a gine-ginen gwamnati: tun ran gini, tun ran zane

A farkon watan Agusta na shekarar 2023 Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasa take sha. Ba a maido ta ba sai cikin watan Maris na 2024. A tsawon watannin nan kamfanin NIGELEC ya yi ta rabon wuta unguwa-unguwa a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Jama'a sun fi kukan duhu da zafi, amma irin wannan ɗaukewa da kawowa ita ce babbar abokiyar gābar injunan da ke ɗaga ruwa, da masu sanyaya ɗakunan magani, da na niƙa.

Ga yadda abin yake. Babban inji yana aiki da wuta mai layi uku, ta bolt 380 zuwa 400. A lokacin tashi yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da yake ci a kan aiki. In wuta ta dawo, injuna da yawa suka tashi tare, sai ƙarfinta ya faɗi. Inji kuwa in ya samu wuta mai rauni, ƙara ja yake yi don ya ɗauki kayansa, naɗin wayarsa ya yi zafi. Haka nan in layi ɗaya ya ɓace, sauran biyun ne za su ɗauki nauyin har su ƙone. Ga shi kuma galibin injuna an ƙera su ne domin iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, alhali a watan Afirilu da na Mayu zafin Tawa da Yamai yakan zarce haka. Masana sun ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanan rufin wayar.

Maganin abin sananne ne, kuma kuɗinsa bai kai na sabon inji ba. Akwai makatsar da ke tsai da inji in ya fara jan wuta fiye da ƙima, da wadda ke tsai da shi in layi ya ɓace. Akwai hanyar tashi daki-daki, wadda ke mai da jan farko kashi ɗaya cikin uku. Akwai na'urar daidaita gudu: a famfo ko fanka, rage gudu da kashi 20 cikin ɗari yana iya rage cin wuta da kusan rabi.

Bayan dukiya, akwai rai. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu aikin lantarki suka saba dogara da ita a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta wajabta wayar ƙasa, mai launin tsanwa da ruwan ɗorawa, da makatsa ta mili-amper 30 da ke yanke wuta kafin ta kashe mutum. Amma busasshen rairayi ba ya karɓar wuta sosai. Don haka awon turken ƙasa da rani ya kamata a yi shi, ba da damina ba.

Aikin NIGELEC ya tsaya ne a mita. Abin da ke bayanta, nauyin mai gini ne. Saboda haka jami'in da ke karɓar gini daga ɗan kwangila kada ya wadatu da ganin fitila ta kama. Ya nemi zanen wayoyi, da takardar awon turke, a kuma gwada kowace makatsa a gabansa kafin ya sa hannu. Famfon asibiti in ya ƙone, ba baitulmali kaɗai ke biya ba, har da majiyyacin da zai kwana babu ruwa.