Sanƙarau ba ya jiran a gama jarabawa: a kai allura jami'a tun ran rajista

Duk shekara, daga sanyin hunturu har zuwa zafin watan Mayu, sanƙarau kan leƙo Nijar. Ƙura da busasshiyar iska na raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma na bin numfashi da tari a inda mutane suka cunkushe. Wanda ya taɓa shiga ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi ya san me ake nufi da cunkoso: ɗakin da aka gina don mutum biyu ya zama na gayya, saboda babu mai korar ɗan garinsu da ya zo karatu bai samu masauki ba.

Ɗalibai ba sa zaman jiran magabata. In labarin cuta ya bazu, sai a fitar da katifu waje a kwana a fili, a rage zaman fada, kowa ya riƙe kofin shayinsa. Mai darasi a waya ya tura wa ƴan ajinsu ta WhatsApp. Wasu su daina bin layin resto, su koma gari da sukari a ɗaki. Dabaru ne masu kyau, amma iyakarsu ke nan. Amfi ɗaya ne, a cike yake tun safe, kuma wanda bai zo ba ya rasa darasi. Mafi muni, ɗalibin da ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai a makon jarabawa yakan haɗiyi farasitamol ya tafi, don tsoron kada shekara ta wuce shi, bursu ya bi ta. Sanƙarau kuwa na iya kashe mutum cikin kwana guda. In wuya ya sanƙare, an riga an makara da sa'o'in da suka fi tsada.

Abin da hukumomi suka fi sabawa da shi shi ne rufewa. A Afrilun 2015, da nau'in C ya mamaye Yamai, an rufe makarantun birnin na ƴan kwanaki. Annobar shekarar ta kama mutum kusan 8,500, ta kashe fiye da 500. Allura ta yi ƙaranci, iyaye suka yi ta layi a farmasi, har jabu ta shigo kasuwa. A Maris 2020 korona ta sa aka rufe makarantu da jami'o'i, ba a koma ba sai watan Yuni. An yi ta maganar karatu ta intanet, kamar kowa na da kwamfuta da kuɗin data da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗan Yamai mai hali ya ci gaba, ɗan ƙauyen Mayahi ko Tanut ya koma gona. Kuma sallamar dubban matasa su hau motocin haya zuwa garuruwansu ana tsakiyar annoba, raba cutar ne ga ƙauyukan da ba su da likita.

Yau ga hanya mafi sauƙi. Allurar Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar, ta iso Nijar tun 2024. Matsalar ita ce an saba kai rigakafi bayan cuta ta riga ta ɓulla. Ɗalibi kuwa dole ya zo rajista, dole ya karɓi katin CROU kafin ya samu ɗaki ko tikitin abinci. Me zai hana ma'aikatar lafiya ta ajiye ma'aikatanta a wannan teburin, a yi allura kyauta kafin hunturu? Za a ce babu kuɗi. To, a lissafa abin da rufe jami'a na wata guda ke ci, a ƙasar da shekarun karatu suka daɗe suna hawa kan juna.

Sauran aikin na shugabannin jami'o'i ne: su rubuta a fili cewa wanda ya kawo takardar likita zai rubuta jarabawarsa daga baya, ba tare da ya rasa bursu ba. Ƙungiyar USN, wadda ta iya fitar da ɗalibai kan titi saboda jinkirin bursu, ya kamata ta sa waɗannan buƙatu biyu cikin takardar da za ta miƙa wa ministan ilimi mai zurfi kafin watan Disamba.