Mai sayar da gida a Galtimari, kada ka rufe sawun ruwa da fenti

Duk wanda ya zaga unguwar Galtimari da ke ƙaramar hukumar Jere, a gefen birnin Maiduguri, bayan ambaliyar ranar 10 ga Satumban 2024, ya ga sawun da ruwa ya bari a jikin katangu. Sawun shaida ne na inda ruwan ya kai a lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ya malale Galtimari da Fori da Gwange da wasu unguwanni. A yau wanda ke son sayar da gidansa a wannan yanki yana da zaɓi biyu: ko ya sa mai fenti ya rufe sawun, ko ya nuna wa mai saye. A ganina, ya nuna.

Ban jahilci halin da mai gida yake ciki ba. Wani ya yi shekaru yana tara bulo kafin ya rufa kwano, ga shi buƙata ta sa zai rabu da gidan. Unguwar kuma tana da farin jini, domin ba ta da nisa da barikin Giwa da Jami'ar Maiduguri, kuma tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 jama'a ke kwararowa birnin suna neman matsuguni. Idan dillali ya ce masa ambaton ruwa zai karya farashi, ba ƙarya ya yi ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dalili na farko shi ne addini. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke bi, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma mai saye yana da damar komawa kansa idan ya gano aibin da aka ɓoye. Harsashin da ruwa ya jiƙa da ramin masai da ya rufta aibi ne, ko da fentin yana ƙyalli.

Na biyu, abin ba ya ɓoyuwa. Maƙwabta sun san inda ruwan ya tsaya, Bulama ya sani, dattawa ma ba su manta da ambaliyar 1994 ba. Mai saye zai ji labari kafin damina ta zagayo, daga nan sai shari'a da gaba.

Na uku shi ne kasuwar kanta. Ba kowane gida ne ruwan ya yi wa ɓarna iri ɗaya ba: wani a kan tudu yake, wani a kwari. Idan masu saye suka kasa bambance su saboda kowa ya yi fenti ya yi shiru, sai su yi wa unguwar kuɗin goro, su taya duka da arha. Ka ga wake ɗaya ya ɓata gari, mai gidan tudu ya biya kuɗin ƙaryar da bai yi ba.

Haka batun takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi cewa mai takardar mallaka ta gwamnatin jiha ba zai miƙa ta ga wani ba sai da amincewar gwamna. Yarjejeniyar da aka rubuta a gaban Bulama da shaidu tana da amfani, amma ba ta maye gurbin wannan amincewa. Kamata ya yi mai sayarwa ya raka mai saye hukumar BOGIS, wadda ke kula da bayanan filaye a Borno, a duba fayil a tabbatar ba a kan hanyar ruwa ginin yake ba. Idan gidan gado ne, a samu sa hannun dukkan magada kafin a karɓi ko sisi.

Faɗin gaskiya ba ya nufin karyar da kaya. Mai gida ya nuna gyaran da ya yi, da rasit ɗinsa, ya bar mai saye ya kawo injiniya ya duba harsashi, sannan ya tsaya kan farashinsa. Dillali kuma ya tuna cewa la'adar yini ɗaya ba ta kai sunan da zai ci abinci da shi shekaru ba.

Gwamnati ma tana da nata kason. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau. Abin da ya rage wa gwamnatin Borno shi ne ta wallafa taswirar wuraren da ruwa ke bi, layi-layi, yadda kowa zai iya dubawa kafin ya biya. Kafin wannan rana, sawun da ke jikin katanga shi ne taswirar da talaka yake da ita. Kada a shafe masa.